Farilla da Mustahabbi a Tukunyar Taliyar Italiya

Duk wanda ya lura da yadda sha'awar girkin ƙasashen waje ta shiga gidajenmu a 'yan shekarun nan, musamman girkin taliya irin na mutanen Italiya, zai ga masu yinsa sun kasu gida biyu, kowane ɓangare kuwa yana ganin ɗan'uwansa a kan ɓata. Akwai waɗanda suka ƙudurta cewa girkin ba ya inganta sai an tafi babban kanti an sayo cuku da man zaitun da tumatirin gwangwani waɗanda suka keto teku, ko da kuɗinsu zai cinye cefanen mako guda. Akwai kuma masu cewa ai taliya taliya ce, sai su dafa ta har ta yi luguf, su ɗauraye ta da ruwan sanyi, su kwarara mata miya a ka, sa'an nan su laƙaba mata sunan wani birni na Italiya. A nawa ra'ayi duka biyun sun kauce, kuma dalili guda ne ya kautar da su, watau rashin rarrabe abin da yake rukunin girkin da abin da yake ƙawa ce kurum. In an yarda mini in ari harshen malaman fikihu, ba don in haɗa tukunya da ibada ba, sai in ce na farko sun ɗauki mustahabbi sun mai da shi farilla, na biyu kuwa sun saki farillar ɗungum.

Kafin a yanke hukunci ya kamata a saurari shaidar tarihi, domin ita ce za ta rage wa masu tsanantawa zafi. A shekarar 1154 malamin nan masanin taswirar duniya, Sharif al-Idirisi, ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a fadar Sarki Roja na biyu da ke Palarmo, a tsibirin Sisiliya, wanda Musulmi suka mulka fiye da shekara ɗari biyu kafin Normawa su karɓe shi. A cikin littafin ya ambaci wani gari kusa da Palarmo mai suna Tarabiya, inda ake sarrafa gari a mai da shi zare-zare, a busar, a loda a jiragen ruwa zuwa Kalabiriya da sauran ƙasashen Musulmi da na Nasara. Wannan ya isa ya rushe tatsuniyar da ake yawan maimaitawa, wai Marko Folo ne ya kawo wa Italiya taliya daga ƙasar Sin, alhali shi bai komo gida ba sai a 1295, kuma tun a 1279 wani marubucin shari'a a birnin Janowa ya riga ya lissafa kwando cike da makaroni a cikin kayan gadon wani soja. Tumatir kuwa, wanda yau mutum zai rantse tare aka haife su da taliya, baƙo ne daga nahiyar Amurka. Bai iso Turai ba sai a ƙarni na 16, mutane suka daɗe suna ɗari-ɗari da shi, kuma sai a ƙarni na 19 littattafan girki na birnin Napoli suka fara rubuta haɗa shi da taliya. Abincin da busar da shi ya bunƙasa a tsibirin da Larabawa suka raya, miyarsa kuma ta zo daga ƙetaren tekun Atlantika, da wuya a ce ba ya karɓar baƙo.

To, amma karɓar baƙo daban, rashin ƙa'ida daban. Su kansu mutanen Italiya mazhaba biyu gare su a kwaɓi, kowace da hujjarta daga ƙasar da ta tsiro a ciki. A arewa, yankin Emiliya-Romanya inda birnin Bolonya yake, ƙasa ce mai ni'ima da kaji da shanu, saboda haka fulawa mai laushi suke kwaɓawa da ƙwai zalla, ƙwai ɗaya ga kowane giram 100, ba a ɗiga ruwa ko kaɗan. Macen da ta gwanance a wannan sana'a takan tara fulawar a kan faffadan katako, ta yi rami a tsakiya, ta fasa ƙwai a ciki, ta riƙa janyo gari daga gefe da yatsu har ya haɗe; sa'an nan ta sa tushen tafin hannu ta tura, ta ninko, ta juya, ta sāke turawa, kamar minti goma, har kwaɓin ya yi sumul, in an danna shi da yatsa ya taso a hankali. Daga nan ta rufe shi ta ba shi rabin sa'a ya huta, domin danƙon alkama da ya ɗaure saboda murza ya saki jiki. Wanda ya ƙi haƙurin wannan rabin sa'a zai ga yana murzawa kwaɓin yana komawa inda ya fito. Da doguwar sandar murji take shimfiɗa shi, tana naɗawa tana warwarewa, har ya yi sirantar da za a iya hango inuwar hannu ta bayansa, kana ta barbaɗa gari, ta naɗe shi kamar tabarma, ta yanka da wuƙa. Mutanen Bolonya ba su ɗauki faɗin wannan yanka da wasa ba: a 1972 aka kai samfurinsa na zinariya aka ajiye a Majalisar 'Yan Kasuwa ta birnin, milimita 8 bayan ya dahu. Mai karatu na iya yin murmushi, ni ma na yi, amma al'ummar da ta ƙera wa aikin hannun matanta ma'auni na zinariya ba abar rainawa ba ce.

A kudu kuwa, inda rana take da ƙarfi kuma ƙwai ya kasance abin sayarwa ga talaka ba abin ci ba, alkama mai tauri da ake kira durum suke nomawa, su niƙa ta da ɗan tsaki-tsaki, su kwaɓa da ruwan ɗumi kurum. Har gobe a lungunan tsohon garin Bari mata sukan fito da tebur ƙofar gida, su yanki ɗan guntun kwaɓi, su ja shi da bakin wuƙa a kan katako, su kifa shi a kan babban yatsa ya fito da ɗan lotsi, su baza a kan raga ya sha iska. Bakanuwar da ta tashi tana ganin ana murza taliyar Hausa a injin hannu, ana shanya ta a kan igiya a tsakar gida, ba za ta ga wani abin mamaki a nan ba, kuma ba banza ba, domin alkama da girke-girkenta sun daɗe da zama a Kano ta hanyar fatake da Larabawan Gadamas da Tarabulus. Wanda ya iya 'yar murji ya riga ya yi rabin tafiya. Abin da zan ƙara masa kawai shi ne, a lokacin hunturu kwaɓi yakan bushe kafin a ankara, sai a riƙa lulluɓe wanda ba a kai kansa ba da kwano ko ɗanyen tsumma mai tsabta.

Yanzu sai mu zo ga farillan dahuwa, waɗanda ba sa cin ko kwabo, kuma su ne aka fi tozartawa. Ruwa ya zama mai yawa, kimanin lita guda ga giram 100, ya tafasa sosai kafin a zuba taliya, a sa masa gishiri kamar giram 10 ga kowace lita, domin taliyar da ba ta sha gishiri a tukunya ba, ba wata miya da za ta cece ta a faranti. Ba a zuba mai a ruwan. Yawan ruwa da juyawa a mintin farko su ne ke hana ta cakuɗewa. A tsame ta tun da sauran ɗan ƙarfinta, yadda haƙori zai ji ya ciji wani abu; ɗanyen murji na ƙwai minti biyu zuwa uku ya ishe shi, busasshiya ta leda kuwa sai a rage minti ɗaya ko biyu daga abin da aka rubuta a jikinta, a kuma ɗanɗana, gama harshe ya fi agogo sanin gaskiyar lamarin. Ba a ɗauraye ta. Wannan ruwan da ya yi fari-fari, wanda muka saba tsiyayewa a kwata, sitacin da ke cikinsa shi ne sirrin girkin baki ɗaya, saboda haka a ɗebi ludayi guda a ajiye. Sa'an nan a juye taliyar da zafinta cikin kaskon da miya take, a bisa wuta, a zuba ɗan ruwan nan, a yi ta juyawa minti ɗaya ko biyu har mai da ruwa su haɗu su yi kauri su kama kowane zare. A nan ne taliyar Italiya ta rabu da farar shinkafa da miya: ita ba a kai ta gaban mai ci tana gefe miya tana gefe, a kasko ake ɗaura musu aure. Kuma mutane ne ke jiran taliya, ba ita ke jiran mutane ba, don haka uwargida ta tabbata maigida da yara sun zauna kafin ta tsame.

Da zarar waɗannan sun tabbata, sauran duk da sauƙi. Cukun Farmijano, wanda ba a sayar da shi da wannan suna sai ya shekara guda aƙalla yana tsumuwa, abu ne mai daɗi ƙwarai, ban musa ba. Amma talakawan Sisiliya da Kalabiriya, da ba su da halin sayen cuku, garin busasshen burodi suke soyawa a ɗan mai har ya yi ja su barbaɗa, kuma yau masu hali ma nemansa suke yi. Ɗaya daga cikin girke-girken da mutanen Napoli suka fi alfahari da su ba kome a cikinsa sai tafarnuwa da mai da busasshen barkono: a yanka tafarnuwa siriri, a sa ta a mai tun yana da sanyi, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ruwan zuma, kada a bari ta ƙone don ɗaci take yi. Miyar tumatir tasu ma tumatir ne nunanne da tafarnuwa da mai da gishiri da ganyen ɗoɗɗoya irin tasu, minti ashirin ta gama. A nan ne nake ganin hannunmu yake buƙatar tarbiyya fiye da aljihunmu, domin mun saba in mun ga miya da sinadari biyar sai mu ji tausayinta, mu ƙara mata dunƙule biyu da kori da tayim da citta, har tumatirin ya rasa bakin magana. Man zaitun shi ne asali, kuma ƙamshinsa dabam ne. Wanda bai samu ba ya yi da man gyaɗa mai kyau, ya san dai ya sauya wani abu, amma girkinsa bai ɓaci ba.

Akwai mas'ala guda da ba ta shiga babin zaɓi, ita ce ta naman alade da giya. Miyar nama ta Bolonya, yadda aka rubuta ta aka ajiye a Majalisar 'Yan Kasuwan birnin a 1982, ta ƙunshi naman sa da kitsen alade da albasa da karas da seleri da tumatir kaɗan da giyar inabi da madara. Musulmi zai cire biyu daga ciki ba tare da wani waswasi ba, kuma ba shi ne farkon wanda ya yi haka a ƙasar ba, gama Yahudawan Italiya sun yi ƙarnoni suna sa kitsen dinya da namanta a gurbin alade, mutanen Abruzo kuma da naman rago suke tasu miyar. Man shanu ko ɗan kitsen rago zai tsaya a madadin na farko, romon ƙashi da 'yar tsamin tumatir su tsaya a madadin na biyu. Abin da ba shi da madadi shi ne lokaci: a soya kayan lambun a hankali har su narke, a soya naman har ruwansa ya ƙone, sa'an nan a rage wuta a bar tukunya tana ɓararraka ƙasa-ƙasa sa'a biyu ko fiye. Wanda ya cire alade bai taɓa rukunin miyar ba. Wanda ya sauke ta bayan minti ashirin shi ne ya rushe ta.

Wani zai ce, in dai haka ne, me ya hana kowa ya dafa abin da ya ga dama ya kira shi yadda ya ga dama? Dafawa kam ba mai hana shi, tukunyarsa ce. Suna ne amana. A 2019 magajin garin Bolonya da kansa ya fito yana kokawa cewa abin da duniya ke ci da sunan birninsa, watau miyar nama a kan siririyar sufageti, ba a san shi a birnin ba, domin su a kan faffadan murjin ƙwai suke zuba ta, wanda yake da jikin da zai riƙe nama. Mu da ranmu yake ɓaci in muka ga an soya nama a mai an kira shi kilishi, bai kamata mu ga baƙin wannan ƙorafi ba.

Dafa-dukan taliya tamu kuwa, da manjanta da daddawarta da busasshen kifinta, ba ta buƙatar aron sunan kowa, kuma masu yi mata kallon ƙauyanci ba su san Italiyar da suke tutiya da ita ba. A Napoli akwai tsohon girki na taliya da wake wanda ake yi a tukunya guda: a dafa wake da tafarnuwa da seleri da ɗan tumatir har ya yi laushi, a murƙushe kashi ɗaya cikin uku nasa don romon ya yi kauri, sa'an nan a zuba ɗanyar taliya a ciki ta dahu a ruwan waken. Taliyar ma ba iri ɗaya ba ce, gutsattsarin da suka rage a gindin buhunan mai kanti ne, dogo da gajere da mai rami, waɗanda dā ake haɗawa a sayar wa talaka da araha, yau kuma kamfanoni suke karyawa da gangan su ƙulla a leda. Ana juyawa ana ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan don kada ta kama, a sauke tana da kaurin da cokali zai tsaya a ciki, a rufe ta minti biyar kafin a zuba.