Silin Ɗakin Sujada: A Gyara Shi, Kada a Cire Shi



Akwai wata magana da take yawan tasowa a taron kwamitin ikilisiyoyinmu da suke sujada a gidan haya a ƙasar Daura, wato maganar silin. Matasa sukan ce ya yi ƙasa da yawa, ya yi dabbare-dabbare, fanka tana kusa da kawunan jama'a, wurin kuma ya fi kama da shago fiye da majami'a, saboda haka a cire shi ɗakin ya sami tsayi. Muna yaba himmarsu, gama son gidan Allah ne ya sa su magana. Amma ra'ayinmu shi ne a gyara silin, a shafa masa fenti, a bar shi inda yake, kada kuma a buga ko ƙusa ɗaya sai da yardar mai gida a rubuce.

Dalili na farko shi ne yanayin ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafi a Daura yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suka yi rufin soro da azara da ƙasa mai kauri. Mu da muke ƙarƙashin kwano, silin ne da iskar da ke tsakaninsa da rufi suke tare mana zafin. Ranar da aka cire shi, tsofaffi da masu goyo ne za su fara fashin sujada. In ruwan Agusta ya sauko a kan kwano tsirara, ko da lasifika ba za a ji mai wa'azi ba. In hunturu ya zo, ƙura ta sami ƙofa. Ga wayoyin lantarki da suke ɓoye a sama, dukansu za su fito fili su nemi sabon aiki da sabon kuɗi.

Dalili na biyu lafiyar jama'a ne. Tsofaffin gine-gine da yawa a Nijeriya silinsu na asbestos ne. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma in aka fasa shi, ko aka yanka shi, ko aka kankare shi, yakan saki ƙura mai laushi wadda take maƙalewa a huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane irin asbestos yana kawo ciwon daji, ciwon kuma yakan ɓoye shekara ashirin ko fiye kafin ya bayyana. Saboda haka ne Ingila ta hana amfani da shi gaba ɗaya a 1999. Mun san yadda muke aikin gayya: a tara matasa ranar Asabar da guduma, mata su zo su share, yara suna wasa a cikin tarkacen. Kada garin neman gira a rasa ido.

Dalili na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne ɗakin ba namu ba ne. Tun Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, takardar mallakar fili a birni daga hannun gwamna take fitowa, kuma ƙungiyarmu ta CAN ta daɗe tana kuka a kan wahalar samun wannan takarda domin ginin coci a jihohin Arewa. A gefe guda kuma Daura tana karɓar baƙi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a 2019, ga ma'aikata da ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima. Masu neman wurin sujada suna ƙaruwa, haka ma masu neman gidan haya. Mai gidan da ya yarda ya ba coci haya, sau da yawa ya sha magana daga danginsa ko maƙwabtansa kafin ya yarda. In ya leƙo wata rana ya ga an kware masa silin ba da saninsa ba, mun ba masu zuga shi hujja da hannunmu. Takardar tashi ɗaya ta isa ta watsa ikilisiyar da aka yi shekaru ana tarawa, kuma labarin zai riga mu isa wurin mai gida na gaba. Manzo Bulus ya yi shekara biyu cur a gidan haya a Roma yana karɓar duk wanda ya zo wurinsa. Zaman haya ba abin kunya ba ne, amma riƙon kayan mutane da amana yana cikin shaidarmu.

To, yaya za a yi gyaran? Da farko dattijo da magatakarda su je wurin mai gida da kansu, cikin ladabi, a rubuta abin da za a yi da wanda zai biya, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. Sa'an nan kafinta ya hau ya duba kwano, gama tabon da muke gani a silin alamar yoyo ce, in aka rufe ta da fenti ba a toshe ramin ba, damina mai zuwa za ta dawo da ita. A duba katako ko gara ta ci, mai gyaran wuta ya duba wayoyi. Bayan haka a share ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, ba kankara, ba gogewa, a shafa farin fenti sau biyu. Fari yana ƙara haske, yana kuma sa ɗaki ya yi kamar ya ƙara tsayi. In fankar sama ce damuwa, a koma ta bango. A yi aikin a farkon mako cikin rani, domin wari ya fita kafin Lahadi.

Akwai lokacin da tilas silin ya sauko, wato in katako ya ruɓe har ya fara lotsawa a kan jama'a. Wannan gyaran gini ne, kuma a bisa al'ada nauyin mai gida ne. In ikilisiya ce za ta ba da kuɗin, a yarda a rubuce cewa za a cire daga kuɗin haya. A ba ƙwararru aikin, a jiƙa shi kafin a sauke, a fitar da yara, a kuma mayar da sabo a gurbinsa.

Iyayenmu dattawa, baikon da ke hannun ma'aji guminsu ne na gwauraye da leburori da ɗalibai. Duk abin da muka manna a jikin ginin haya, a nan za mu bar shi ranar tashi, gama zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya ragu bayan fenti a zuba shi a asusun fili. In Ubangiji ya ba mu namu wuri, matasanmu su ɗaga rufin yadda ransu yake so. Kafin ranar, Allah ya ba mu hikima da zaman lafiya da masu gidajenmu. Amin.