Daga Doha: Idan Takardar Harajin Gida Ta Zo Maka Ta WhatsApp

A Qatar babu harajin gida na shekara-shekara, haka kuma ba a cire haraji daga albashi. Ko baƙon da ya sayi gida a Lusail ko The Pearl, bisa dokar 2018 da ta ba waɗanda ba 'yan ƙasa ba damar mallaka a wasu unguwanni, kuɗin rajista yake biya lokacin saye, shi ke nan. Wannan ne ya sa yawancinmu da ke nan muka manta cewa gidan da muka gina a Kano ko Kaduna ko Abuja da kuɗin guminmu yana da nasa lissafin a wajen hukuma. Sai ran nan ƙaninka ya turo maka hoton takarda ta WhatsApp, da adadin da zai hana ka cin abincin dare.

Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna. Takardar shaidar mallaka da ke hannunka, wadda yawanci ta shekara 99 ce, tana ɗauke da sharaɗin biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Wannan na jiha ne. Akwai kuma harajin gini, wanda tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta shi. Legas ta haɗe su wuri guda. Saboda haka tambayar farko ita ce: wa ya aiko takardar, kuma wanne daga ciki yake nema?

Kada wani ya ce maka ai ba a yin komai. A watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda bashin kuɗin ƙasa na shekara goma ko fiye. A watan Mayu aka fara rufe gine-gine, har da hedikwatar PDP da ke Wadata Plaza, kafin Shugaba Tinubu ya sa baki aka ba da wa'adin kwana 14. Idan babbar jam'iyya ba ta tsira ba, ina ga direban da ke aiki a Al Wakrah?

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren, wato masu biya ido rufe. Riyal na ɗaure da dala a kan 3.64, naira kuwa ta faɗi sosai tun daga Yunin 2023, don haka mutum sai ya lissafa ya ga abin bai kai albashin mako ba, ya tura kawai a huta. Wani ɗan'uwa da muke zama majalisa ɗaya bayan Juma'a haka ya so ya yi. Gidansa na zama ne, iyalinsa ke ciki, amma saboda ɗan shagon da matarsa ke sayar da kayan masarufi a zaure, aka rubuta dukkan ginin a matsayin wurin kasuwanci, aka kuma haɗa masa da shekarun da ya riga ya biya. Da ya biya, da ya amince da wannan rubutun ke nan. Baɗi ma a kansa za a yi lissafi, kuma ranar da za a sayar ko a raba gado shi za a tarar a fayil.

Wanda ya ɗauka ya yi masa aikin mai ƙiyasta darajar kadarori ne. A lura, ba safiyo ba ne. Safiyo yana auna fili ya kafa duwatsun iyaka. Shi kuwa wannan aikinsa ya faɗi darajar gini da irin amfanin da ake yi da shi, ya sa hannu da hatimi. Ƙungiyarsu ita ce NIESV, hukumar da ke yi musu rajista kuma ESVARBON. Ka nemi lambar rajistarsa kafin ka tura ko sisi. Dillalin unguwa, duk iya sanin mutanensa, rahotonsa ba ya shiga fayil.

Aikin bai da wani sihiri. Ya je ya duba gidan, ya ɗauki hotuna, ya gwada girman filin da abin da ke cikin takardar mallaka, ya tattara tsofaffin rasit, sannan ya rubuta takardar ƙin amincewa aka buga mata hatimin karɓa. Aka gyara. Rasit ɗin nan su suka yi rabin aikin, kuma a cikin tsohuwar jakar mahaifiyarsa aka same su.

Lokaci shi ne abokin gabarmu mu na nesa. A Legas kwana 30 doka ta bayar don ɗaukaka ƙara bayan an kawo takarda. Duba taka ka ga wa'adin da aka rubuta, domin sau da yawa takardar kan yi mako biyu a ƙarƙashin ƙyaure kafin wani ya tuna ya ɗauki hotonta.

Lauya fa? Ina ganin sai idan an yi barazanar soke takarda, ko an ƙi amsa ƙorafinka, ko kana son rubuta takardar wakilci. A nan ma a yi hattara: ka taƙaita ta ga maganar haraji kaɗai, kada ta haɗa da ikon sayarwa ko jingina, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ku yi ciniki kan ladan aikin tun farko, a rubuce. Idan abin da kake sa ran za a rage bai kai ladan ba, kuma bayanan gidan daidai suke, biya kawai ta banki ko hanyar da hukumar ta ayyana, da sunanka kamar yadda yake a takardar mallaka, ka ajiye rasit ɗin a waya da kuma a takarda.