«Uwa da Shari'a»: fim ɗin da aka mayar ɗan bora

Littattafan tarihin silima sun daɗe suna yi wa wani fim rashin adalci, masu koyarwa kuma suna karɓar hukuncin ba bincike. Fim ɗin shi ne The Mother and the Law, wato «Uwa da Shari'a», wanda D. W. Griffith ya fitar a Amurka a 1919, zamanin da silima ba ta magana, sai hoto da ƴan rubuce-rubuce tsakanin fage da fage. Abin da aka saba faɗa a kansa bai wuce layi biyu ba: wai ƙaton fim ɗin nan Intolerance na 1916 bai kawo kuɗin da aka sa rai ba, sai mai shi ya sa almakashi ya yanko biyu daga jikinsa ya kai kasuwa, ɗaya The Fall of Babylon, ɗaya wannan. Da haka ake sallamarsa kamar ƙanzon tukunya.

Zancen kuɗi gaskiya ne. Amma masu wannan hukunci sun juya tarihi, sun mai da uwa ɗiya. Griffith ya ɗauki labarin tun 1914, kafin The Birth of a Nation ya fito. Da wancan fim ya yi kasuwa a 1915, ya kuma jawo masa sukar da ta dace da shi saboda wulaƙanta baƙar fata da yabon Ku Klux Klan, sai ya ga ɗan labarin talakawa ya yi masa kaɗan. Ya ɗora masa wasu uku: faɗuwar Babila a 539 kafin haihuwar Annabi Isa, labarin Annabi Isa kansa, da kisan ƴan Furotesta a Faransa a 1572. Abin da ya fito a 1919 komawa ce ga tushe, tare da fagagen da Intolerance ya zubar.

Labarin kuwa ga shi. Jenkins, mai masana'anta, ya rage albashin ma'aikatansa da kashi 10 cikin 100 domin ƴar'uwarsa ta samu kuɗin aikin jinƙai da za a san ta da shi. Ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka buɗe musu wuta. Ƴan kallon wancan lokaci ba su manta da Ludlow ba, inda aka kashe mahaƙan kwal da iyalansu a jihar Kolorado a 1914. Waɗanda suka tsira cikin fim ɗin suka watse zuwa birni, cikinsu har da wani saurayi (Robert Harron) da aka harbe ubansa, da wata yarinya (Mae Marsh). Yunwa ta kai saurayin cikin ɓarayi. Da ya auri yarinyar ya so ya tuba, sai ubangidansa ya ƙulla masa sharri aka ɗaure shi. Yana kurkuku matan ƙungiyar jinƙai, waɗanda kuɗin Jenkins ke ciyarwa, suka shiga ɗakin matar, suka ce ba ta cancanci riƙon ɗa ba, suka ɗauke jaririnta. Hannun da ya yanke albashi shi ne ya dawo da sunan taimako ya raba uwa da ɗa.

Wannan sarƙa ita ce ran labarin, kuma ita ce Intolerance ke tsinkawa. Duk sa'ad da mai kallo ya fara gane wa ya cuci wa, sai a ɗauke shi a kai shi gaban ganuwar Babila da gumakan giwaye da dubban mayaƙa. Idan aka jera kukan matar ma'aikaci da faɗuwar daula, aka ce duk «rashin haƙuri da juna» ne da ya taso tun farkon duniya, to an wanke Jenkins. Laifin da aka ɗora wa ɗan Adam baki ɗaya ba shi da mai biya. A fim ɗin 1919 babu wannan mafaka: akwai mai masana'anta, akwai alƙali, akwai gidan renon yara. Kuma a nan jaririn ya mutu a hannun waɗanda suka ƙwace shi. Ko da aka tsere da mota aka cimma jirgin gwamna, aka ceto mijin daga rataya bisa kisan da bai yi ba, afuwar ba ta mayar da ɗan ba.

Masu ja za su ce ai gwanintar Griffith tana cikin saƙa labaru huɗu, kuma daga nan Eisenstein da Pudovkin suka ƙaru a Tarayyar Sobiyet. An yarda. Za su ƙara da cewa ya yanka uwar fim ɗin kanta, wadda ake kira negatif, har ya zama ba a iya mayar da Intolerance daidai yadda aka fara nuna shi, shi ya sa kwafin da ke yawo suka saɓa wa juna. Wannan ma ɓarna ce, amma laifin mai almakashi ne, ba na abin da ya fito ba.

Ba kuma a ce Griffith waliyyi ne ba. Yadda ya zana matan jinƙai, tamkar rashin masoyi ne ya tura su gyaran jama'a, raini ne ga mata tsagwaronsa, kuma ya kamata malami ya tsayar da fim ɗin a wurin ya nuna wa ɗalibai.

Ƙungiyar al'adu ko malamin lise da ke da yamma guda da majigi guda yakan zaɓi Intolerance don sunansa, ɗalibai su yi awa uku suna kallon giwaye, su tashi ba su riƙe sunan Jenkins ba. «Uwa da Shari'a» bai kai awa biyu ba, kuma yana barin tambayar da aji zai iya kwana yana muhawara a kanta: wa ya ba mai kuɗi ikon yanke hukunci kan wace uwa ce ta isa ta riƙe ɗanta?