Gas Ba Fetur Ba Ne

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, da bazara ta kama, kuka ɗaya ake ji a gidaje daga Bompai har Sharada da Challawa: iyakwandishan na hura iska mai zafi. Da an kira mai gyara sai ya ce, "Alhaji, gas ya ƙare."

To, mu dai ba mu yarda a fara da nan ba. Gas ba fetur ba ne, zagayawa yake yi cikin bututu a rufe. In ya ragu, wani wuri ne ya huje, kuma wanda ya ƙara gas bai liƙe hujin ba, ruwa ya zuba a kwando.

Kafin a fid da kuɗi, a duba abu uku. Na farko ƙurar hunturu: a zare ragar tace iska a wanke, a wanke injin waje. Na biyu wuta: in ta yi ƙasa sosai da 230, fanka na juyawa amma kwamfaresa ba ta tashi, maganinsa sitabilaiza. Na uku kafasita, abu ne mai araha, amma a bar wa mai gyara, don tana riƙe wuta ko an kashe.

Ku kuma masu sayar da na hannu, ku karanta rubutun jikin inji. In R22 yake sha, ku gaya wa mai saye cewa ana janye wannan gas bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, wa'adin ƙasashe irin tamu 2030 ne, kuma ba a gauraya shi da R410A. Wanda ya ɓoye, ya ci riba yau, gobe ya rasa mai saye.

Allah ya ba da kasuwa.