Zama Da Mai Farfaɗowa Daga Shaye-shaye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da cuta tare da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan masu jinya ce, watau iyaye da mata da 'yan'uwa waɗanda Allah Ya jarrabce su da wani nasu da ya faɗa shaye-shaye, sa'an nan ya soma farfaɗowa. Al'amarin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya. A wannan shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana da gidan da ya fito, yana da masu zubar da hawaye dominsa.

Abin da aka saba gani shi ne, uba ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati zai ɗauki ɗansa ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ko Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ya biya kuɗin magani ba tare da ƙyashi ba. Ranar da aka sallami yaron sai uban ya ga ya sauke nauyi, ya koma kanti ko ofis. Yaro kuwa ya dawo gida ya tarar an ware masa ɗaki a zaure, ana aiko ƙaninsa da kwanon tuwo, in ya shigo tsakar gida hira ta tsaya, a shiga ɓoye makullai. To, wanda aka yi wa haka ina zai nufa? Lalle zai koma wurin tsofaffin abokansa, domin su ne kaɗai ke yi masa maraba.

Likitoci sun tabbatar cewa watannin farko bayan sallama su ne mafi hatsari wajen komawa ruwa. Kuma wanda ya daina shan kodin ko tiramol na wani lokaci, jikinsa ya rage jure musu, har adadin da ya saba sha a da yana iya kashe shi yanzu. Ashe kuwa lokacin da mu ke janye jiki shi ne lokacin da ya fi bukatarmu.

Mu dubi yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi da irin wannan. Imamu Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda ya kan ba Annabi dariya, aka kuma sha kawo shi saboda shan giya ana yi masa bulala. Wata rana wani mutum ya la'ance shi don yawan kawo shi da a ke yi. Sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana ƙaunar Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya gargaɗi sahabbai da kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. An tsayar da hukunci, amma ba a fitar da mutumin daga cikin jama'a ba, ba a kuma rufe ido daga alherin da ke zuciyarsa ba. Wannan shi ne ma'aunin mai jinya.

Hanya ta farko ita ce cin abinci tare. Uba ya kira ɗansa su sa hannu a kwano ɗaya, ko da sau ɗaya a yini, ba da wa'azi ko tuhuma ba. In ya yi magana a saurare shi har ya kai aya. In ya yi shiru a ƙyale shi, zaman kansa ma magana ce. Gori kuwa guba ne. Wanda kullum a ke lissafa masa kuɗin da ya sata da kunyar da ya jawo, zai yanke ƙauna daga gyaruwa. Haka nan a rufa masa asiri, kada a mai da shi abin hira a gaban baƙi.

Ta biyu, a ba shi abin yi, domin zaman banza shi ne ƙofar da sha'awar ƙwaya ke shigowa. A tashe shi a tafi masallaci tare da asuba. Ɗan kasuwa ya tafi da shi kanti ya ba shi jeren kaya ko rubuta ciniki, a fara da ƙaramar amana, in ya riƙe a ƙara masa, a kuma yaba masa a gaban idonsa. Amma tausayi bai hana tsare iyaka ba. Kada a ba shi kuɗi masu yawa ba lissafi, kada kuma a yi ƙarya don kare shi.

Ta uku, in ya sake zamewa, kada a ce an gama. A mai da shi wurin likita da gaggawa, a ci gaba da maganin da aka rubuta masa, addu'a tana tafiya tare da shi. Iyaye su tsare harshensu, gama Imamu Muslim ya ruwaito hani ga yi wa 'ya'ya mugun baki, don kada ya dace da sa'ar karɓa. Mari da duka ma ba magani ba ne. Mun ga halin da aka sami ɗaruruwan mutane a ciki sa'ad da 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019.

Daga ƙarshe, mai jinya shi ma yana da hakki a kan kansa. Da Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i cewa jikinsa da iyalinsa suna da hakki a kansa, Annabi ya gaskata Salmanu. Saboda haka kada a bar wa uwa ko matar aure wannan kaya ita kaɗai har ta faɗi. 'Yan'uwa su raba kwanaki, kawu da baffa su riƙa leƙowa, wanda ya gaji ya huta ba tare da jin ya yi laifi ba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryi zuriyarmu, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.