Ɗanyen nama da ƙashi: Yayin ciyar da karnuka da ke damun likitocin dabbobi

A watan Disamban 2024 hukumar kula da noma ta jihar Oregon a Amurka ta sanar cewa wata kyanwa da ba ta fita ko ƙofar gida ta mutu sakamakon murar tsuntsaye. Hukumar ta danganta mutuwar da ɗanyen naman talo-talo da ake sayarwa a matsayin abincin dabbobi, kamfanin kuma ya janye kayansa daga kasuwa. A watan da ya biyo baya, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta umarci masu haɗa wa karnuka da kyanwoyi irin wannan abinci su sake duba matakansu na kariya.

Lamarin ya tayar da tsohuwar muhawara: shin ya dace a raba kare da abincin kanti a mayar da shi kan ɗanyen nama da ƙashi?

Wanda ya fi kowa yaɗa wannan ra'ayi shi ne Ian Billinghurst, wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya, da littafin da ya fitar a 1993. Tsarin, wanda ake kira BARF, ya ƙara samun magoya baya bayan 2007, shekarar da aka gano sinadarin melamin a abincin dabbobi na kanti a Amurka, karnuka da kyanwoyi da dama suka mutu. Ba banza ba mutane suka yanke ƙauna daga kamfanoni.

Hujjarsu ita ce kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya dafa abinci. Maganar tana da daɗin ji, amma wani bincike da masana a Suwidin suka wallafa a mujallar Nature a 2013 ya nuna cewa zaman dubban shekaru da ɗan Adam ya sauya kare, har ya fi kyarkeci iya narkar da abinci mai sitaci nesa ba kusa ba. Karen da ke lashe ragowar tuwo bai saɓa wa halittarsa ba.

Masu bin tsarin kan sauya abincin sannu a hankali cikin mako guda ko kwana goma don kauce wa gudawa. Da yawansu na bin ma'aunin kashi 80 nama, 10 ƙashi, 10 kayan ciki irin su hanta da ƙoda.

Ƙashin nan shi ne gaba kura baya sayaki. Tsokar nama zalla ba ta da isasshen kalsiyam, kuma kwikwiyon da aka raina da ita kaɗai ƙasusuwansa kan yi laushi, su lanƙwashe ko su karye. Don haka dole a sa ƙashi. To amma idan ya yi yawa bayan gida ya bushe, ya ƙi fita. Ƙashin ƙafar saniya mai ɓargo, wanda karnuka suka fi so, yana fasa manyan haƙoran gefe. Guntu kuma na iya maƙalewa a maƙoshi ko a hanji, sai an yi tiyata. Dafaffen ƙashi ya fi muni, domin yakan tsage ya yi tsini. A 2017 FDA ta ce ta samu rahotanni a kan karnuka kusan 90 da suka kamu da rashin lafiya bayan cin ƙasusuwan da aka gasa ko aka ƙyafe ake sayarwa a kanti, 15 daga cikinsu sun mutu.

Sai dai a ganina babban haɗarin ba a kan karen yake ba, a kan mutanen gidan ne. Daga cikin samfura 196 na ɗanyen abincin dabbobi da FDA ta gwada tsakanin 2010 da 2012, an samu ƙwayar salmonela a 15, listeriya a 32. Kare na iya ɗauke da ƙwayar yana wasansa lafiya lau, yana zubar da ita a kashinsa, yana lasar hannun yaro. Firiza ba ta kashe ta. A Ingila a 2017 mutum huɗu sun kamu da wani mugun nau'in E. coli, ɗaya ya rasu, masu bincike kuma suka karkata ga ɗanyen tumbin da ake bai wa karnuka. Tun 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta ja kunnen jama'a game da ɗanyen nama. Alfanun da ake faɗa kuwa, kamar sheƙin gashi da ƙaruwar kuzari, akasari shaidar masu karnukan ce da bakinsu.

A Najeriya, inda abincin kare na ƙasashen waje ya yi tsada tun bayan faɗuwar naira a 2023, mai karen gadi a Abuja ko Kano na iya ganin ragowar kwata ta fi sauƙi. Akwai abin lura a nan. Huhu da hantar da mahauci ya jefar saboda ƙulluttan ruwa a jikinsu su ne hanyar da wata ƙaramar tsutsa dangin tsila ke shiga cikin kare. Ƙwayayenta na fita a kashinsa, su shiga mutum, su yi ƙulli a hantarsa ko huhunsa, shekaru kafin a gane. Dafa kayan cikin sosai yana kashe ta, kuma likitan dabbobi na da maganin tsutsar da ake bai wa kare lokaci-lokaci.