Zauren Asusu: Kafin ki kira dillali



Bara muka sayar da gidanmu na gado da ke Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram. Ginin ƙasa ne tun na kakanmu. Yayana ya so a shafe shi duka da siminti, wai zai fi kuɗi. Wani tsohon magini ya ce kul! Siminti ba ya riƙe bangon ƙasa. Ruwa na shiga ta bayansa, wata rana ya ɓanɓaro har da bangon.

Sai muka tsaya kan abin da mai saye ke tsoro. Muka canza azarar da gara ta ci, muka yi yaɓe a kan soro, muka gyara indararo da makewayi, muka shafa farar ƙasa. Zanen ƙofar zaure kuwa ba mu taɓa ba, ashe ma shi ya ja hankalin wanda ya saya.

Amma ga inda na yi kuskure. Na ci bashin asusu na wata 3, gida bai fita ba sai bayan wata 7, don sa hannun wata ƙanwarmu muke jira. Akuyata biyu na sayar na biya.

Don haka, ƴar uwa, ki fara da yardar magada da takardun gida. Kada ki ɗora ranar biyan asusu a kan cinikin da ba a yi ba.

Allah ya sa albarka.